Na Shanya Hoton Masu Fito

Sati uku ke nan da faruwar abin, kuma har yau in wayata ta yi ƙara na ga lambar ofis ce, sai na nemi wuri na zauna kafin in ɗaga. Amma zan faɗe shi yadda ya faru, ba ragi ba ƙari, don na riga na faɗe shi a gaban waɗanda suka fi kowa ikon hukunta ni, kuma ƙasa ba ta tsage ta haɗiye ni ba.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Anti ce ta samo mini shi. Ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata a Bauchi, ita ta tarbe ni a filin jirgi lokacin da na ci cacar biza na zo garin Greensboro na Amurka da akwati ɗaya da takardar gama sakandare. A wurinta nake zaune, a wani bene da ke bayan titin Gate City Boulevard. Shekara goma sha huɗu tana aiki a kamfanin nan na kula da tsofaffi, ba a taɓa kiranta ofis don laifi ba. Shi ya sa in ta kai yarinya ta ce "na san ta", manaja ba ta ƙara wata tambaya. 'Yan ƙasarmu biyar suka shiga ta wannan ƙofa kafin ni. Ranar da ta sa hannu a takardata, ta ce mini a mota: "Sunana na ara miki. Ki dawo mini da shi yadda na ba ki."

Gidan da aka tura ni yana Irving Park, unguwar da ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai mai yawo da kare. Anti ke ajiye ni da safe in za ta wuce nata aikin, ta ɗauke ni da yamma. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, Baturiya mai shekara tamanin da bakwai, ita kaɗai cikin ɗakunan da za su ɗauki zuri'ar kakana kaf. Ma nake ce mata. Ƙafafunta na aiki, kanta garau, bakinta kuwa kamar aska. Idanun ne suka gaza. Tana ganin gefe-gefe, amma duk abin da ta kalla kai tsaye sai ya zame mata tabo. Ni ke taya ta wanka, in dafa, in jera magani, in karanta mata wasiƙu.

A sati na biyu, ranar Juma'a, ta ce in kai ta ɗakin karatun mijinta, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce. Ɗakin a ƙasa yake, labulensa kullum a sake. Ta sa na wanke hannu da sabulu na goge sosai, sannan ta nuna mini wata durowa mai faɗi. A ciki akwai takardu ashirin da huɗu, kowace an raba ta da 'yar'uwarta da wata farar takarda marar kauri. Hotuna ne na ƙasar Japan, amma ba na kyamara ba. Mijin ya yi aiki a masaƙa, aka tura shi can yana saurayi, ya riƙa sayensu ɗaya-ɗaya. Ta ce an buga su tun kafin a haifi kakan kakana.

"Ni ba na ganinsu yanzu," in ji ta. "Ke za ki gani ki gaya mini. Kuma kada ki ce mini yana da kyau. Na san yana da kyau. Ki gaya mini wa ke ciki, me yake yi."

Na zaci sarakuna zan gani da fadoji. Sai na ga talakawa. Mutane a hanya da huluna masu faɗi kamar malfa. Wani ya rataya kaya biyu a sanda ya saɓa a kafaɗa, sak mai ga-ruwa. Bukkokin ciyawa, rumfar mai shayi a bakin hanya da bencinta ɗaya, doki an lafta masa buhuna, mata sunkuye a fadama suna dashen shinkafa. A wani, ruwan sama ya kama matafiya a fili, kowa ya dunƙule yana gudu, ɗaya hularsa ta tashi ya juyo yana binta. Na yi dariya na ce, "Ma, wannan ai na san shi. Duk ƙauye akwai irinsa, zai bar jakinsa ya bi hula."

Ta yi dariya har da tari. Daga ranar kowace Juma'a bayan abincin safe sai mu buɗe durowa, mu ɗauki uku ko huɗu. Wani lokaci ta gyara mini. In na ce mutum uku ne a gada, sai ta ce, "Huɗu. Duba bayan ginshiƙi." In duba, in gan shi kuwa.

Akwai guda ɗaya da na fi so. Bakin kogi ne da yamma. Jirgin fito mai faɗi ya ɗan bar gaɓa, ɗan fito ya kafa doguwar gorarsa yana turawa. A ciki akwai mace da ƙunshi a baya, da tsoho yana shan lofe, da bijimi guda tsaye a tsakiya kamar shi ya biya kuɗin kowa. A gaɓa wani ya taho a guje ya ɗaga hannu, ya makara. Sama da su duka kuwa, sararin ya yi irin jan nan na gab da magariba, mai ƙarfi daga can sama, yana saukowa yana laushi har ya zama ruwan hoda, har ya ɓace cikin farin takarda. Ba ka ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ma ta ce shi ne mijinta ya fara saye.

A watan Yuli aka yi wani ruwa mai iska na kwana biyu. Zafin garin nan a lokacin irin na tsakiyar damina ne, mai ɗanko, kaya ba sa bushewa. Bayan ruwan na shiga ɗakin karatu zan share, hancina ya ji abin da ya sani tun ina ƙarama: warin ruma. Na bi shi har durowa. Na wanke hannu na ɗaga takardun a hankali. Na sama lafiya lau. Huɗun ƙasa sun yi sanyi, sun yi laushi, kuma a bayan ɗaya na ga ɗigo-ɗigon fumfuna ƙanana. Hoton masu fito na cikin huɗun.

Na je na same ta na ce, "Ma, ɗakin karatu yana wari. Danshi ya shiga."

"Hancina ya yi ritaya tare da idona," ta ce. "Yi yadda kika sani, 'yata."

To ni kuwa na sani. Wannan ne abin da nake so a gane, ba sakaci na yi ba. Babana tela ne, amma ya gaji littattafan kakana, rubutun hannu, falle-falle cikin gafaka. Duk shekara in damina ta ja baya, mahaifiyata kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba ya fito da gafakan ya baje fallayen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora wa kowane tsakuwa don iska. Mu yara aikinmu korar kaji. Da la'asar a tattara, takarda ta bushe ƙayau, warin ya tafi. Littattafan nan sun girmi Baba, kuma har gobe rubutunsu baƙi ƙirin. A gidanmu rana magani ce. Katifa, zannuwa, hatsi, takarda, duk abin da ruma ta taɓa, rana ake kai wa ƙara. Kuma an koya mini mai aiki na gari ba ya jira a ce masa yi.

A bayan gidan akwai baranda da teburin gilashi. Ma na kwanciya bayan abincin rana, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Sai na fito da huɗun na shimfiɗa. Rabin teburin na ƙarƙashin inuwar wata babbar bishiya, rabi a rana. Uku suka samu inuwa-inuwa. Hoton masu fito kuwa, da yake shi na fi ji, na ba shi wurin da rana ta fi kyau. Babu tsakuwa a tsakar gidan Bature, ciyawa ce zalla, don haka na ɗauko ƙananan farantan shayi na danne kowane. Nasa na ɗora a kusurwar sama ta dama, a kan sararin, don kada in rufe mutanen.

Da ƙarfe huɗu na tattara, sun bushe. Na ji daɗi. Washegari na duba, sun sake yin sanyi. Ban san bangon da durowar ta jingina da shi ne ke tsotsar ruwa ba. Na ce a raina ruma mai taurin kai ce, na sake shanyawa. Haka na yi kwana goma sha biyu na aiki, wuri ɗaya, faranti ɗaya, kusurwa ɗaya. Juma'a biyun da suka shiga tsakani asibiti muka je, ba mu buɗe durowa ba. Ban gaya mata ba, ba don ɓoyo ba. So nake in gama in ce mata, Ma, na ceto miki hotunanki.

Ranar Talata ɗanta ya bugo waya. Lauya ne a Charlotte, sau ɗaya a wata yake zuwa. Ya ce ranar Asabar zai zo da wata mata mai gyaran tsoffin takardu, ta duba hotunan, don Ma ta yanke shawarar ba da su kyauta ga wani gidan adana kayan tarihi. Har na yi murna. Na ce za ta same su a bushe.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na ɗaga farantin.

A ƙarƙashinsa akwai da'ira. Ja, mai kyau, daidai girman gindin farantin, kamar an buga hatimi. Duk sauran sararin ya koma kalar ruwan shayi da aka tsinka. Kullum ina ɗaga farantin nan, amma kullum hankalina na kan bushewa, ina shafa baya, ina shinshinawa. Ran nan ne kawai idona ya tsaya a kai. Mutanen na nan, ɗan fito na nan da gorarsa, baƙin layi ko ɗaya bai motsa ba. Magaribar ce babu.

Na shiga da shi ɗaki na kunna fitila, ko hasken waje ne ke ruɗa ni. Na kashe na sake kunnawa. Na zauna a ƙasa. Ban san iya lokacin da na yi a nan ba, sai da na ji ta tana kira daga sama a kawo mata ruwa.

Da Anti ta zo ɗaukata, ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Anti, na yi ɓarna."

"Ta faɗi?"

"A'a."

"Magani kika ba ta ba daidai ba?"

"A'a."

"To alhamdu lillahi, sauran duk mai sauƙi ne. Me kika fasa?"

Na gaya mata. Sai ta karya kan mota ta shiga filin wani kantin kayan abinci ta kashe inji. Ta juyo gaba ɗaya.

"Tsaya in gane. Takardar Bature kika shanya? A rana? Kuɓewa ce? Ko kuka?"

"Ba ta Bature ba ce, Anti, ta Japan ce."

"Au! To shi ke nan, tunda ta Japan ce. Mu je gida mu yi barci." Ta buga sitiyari da tafin hannu. "Kwana nawa?"

"Sha biyu."

"Sha biyu! Ko kilishi ai da ya ƙone. Ke wa ya aike ki? Wanka aka ce ki yi mata, magani aka ce ki ba ta. Wa ya naɗa ki sarkin shanya?"

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi. Da ta sake magana, muryarta ta sauka, kuma ba ni take kallo ba, gilashin gaba take kallo.

"Wa ya gan ki?"

"Babu."

"Matar ba ta gani. Ɗan kuwa, na san irinsa, bai san guda nawa ne a durowar ba. Abu ya shekara ɗari da wani abu, wa zai ce ba haka aka saye shi ba?" Ta ƙara da cewa, "Ban ce ki rufe bakinki ba. Ban kuma ce ki buɗe ba. Amma akwai 'yar Hajiyar bene na biyu da na yi wa alkawari zan kai ta kamfanin wata mai zuwa. In aka kira ni ofis a kanki, ƙofar nan ta rufe ke nan. Ki sa wannan a lissafinki."

Ban taɓa jin tsoro a muryar Anti ba sai ran nan.

Ba zan yi ƙarya in ce tsoron Allah kaɗai ya sa na yanke abin da na yanke ba. Akwai shi, amma akwai wasu biyu. Na farko, da'irar nan daidai take da farantin gidan, duk mai hankalin da ya shiga kicin zai haɗa. Na biyu shi ya fi mini nauyi. Washegari Juma'a ce. Za ta zauna a kujerar nan ta ce in gaya mata abin da nake gani. Wata huɗu matar nan tana gani da idona, duk abin da na ce akwai, akwai shi. In ta ce a ɗauko masu fito, zan buɗe baki in ce mata sama ja ce? Na gwada faɗin haka a raina, na ji ba zai fito ba.

Da safe a mota na ce, "Anti, zan gaya mata."

Sai da muka shiga unguwar ta ce, "To ki faɗa tun kafin ta karya. Kada ki bari ta ci abincin hannunki sannan ta ji."

Haka na yi. Na zaunar da ita a ɗakin karatu, na wanke hannu, na ɗauko hoton na ajiye a gabanta. Na faɗi komai, ruwan, warin, teburin, farantin, kwana sha biyun. Turancina ya riƙa kakkaryewa, amma ban tsallake komai ba.

"Sa yatsana a wurin," ta ce.

Na kama yatsarta na kai bakin da'irar, ban bari ta taɓa takardar ba, na zagaya da ita a iska.

"Nan ne kawai ya rage?"

"Nan ne kawai, Ma."

"Shekara hamsin da ɗaya," ta ce. "Ko fitilar tebur mijina ba ya bari ta daɗe a kansa. Kin zaci don me labulen nan yake a sake?"

Na ce na zaci don mai ɗakin ya rasu ne.

Sannan ta ce, "Fita. Je ki yi aikinki."

Ranar ba ta ci abincin safe ba, na rana ma cokali biyu ta yi. Magani dai ta sha daga hannuna. Da zan tafi ta ce, "Gobe ki zo ƙarfe goma. Da bakinki za ki gaya masa, ba da nawa ba."

Ba na aiki ranar Asabar, Anti ma haka. Amma ta sa rigar aikinta, ta rataya katinta a wuya, ta kawo ni, ta ce tana mota in an neme ta.

Ɗan dogo ne, da gajeren wando da takalmin wasa. Na maimaita masa abin da na gaya wa uwarsa. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"A waje? Kin fitar da su waje? Wa ya ba ki izini? Kin san abin da kika taɓa kuwa?" Ya juya wajen uwarsa. "Ranar Litinin zan kira kamfanin. Wannan ba za ta sake shigowa gidan nan ba."

Matar da ya zo da ita kuwa aikinta take yi. Gajera ce mai furfura, ta riga ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ta sunkuya a kan hoton da gilashin ƙara girma. Can ta ɗago ta ce mini, "Zo nan." Na zaci zagi ne. Sai ta ce, "Kin san yadda ake yin su?"

Na ce a'a.

Ta ce ba mutum ɗaya ke yi ba. Wani ya zana, wani ya manna zanen a katako ya sassaƙe duk abin da ba layi ba, har gashin kan matar nan ɗaya-ɗaya. Kowace kala da nata katakon. Sai mai bugu ya shafa kala, ya kifa takarda, ya murza bayanta da wani ɗan abu mai kama da faifai, ya ɗaga, ya koma katako na gaba. Takarda ɗaya sai ta hau katako goma ko fiye, kuma dole kowane ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa. Sararin nan da ke laushi yana saukowa, ta ce, da jiƙaƙƙen tsumma ake goge katakon kafin a shafa, kowace takarda da hannu, shi ya sa babu biyu da suka zama ɗaya.

"Baƙin, toka ce ta hayaƙi da danƙo," ta ce. "Rana ba ta iya masa komai."

"Tawada," na ce, ban san ya fito ba. Ta tambaye ni mene ne, na gaya mata na littattafan kakana da tabarma da tsakuwa. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

"To shi ya sa naku suka rayu. Amma jan nan daga fure ake matso shi. Fure kuwa kin san abin da rana ke yi masa."

"Za a iya mayarwa?" ɗan ya tambaya.

"A'a. Ya tafi." Ba ta sassauta ba ko kaɗan. "Wannan gidan tarihi ba zai karɓe shi ba. Sauran ukun sun ɗan sha, amma da sauƙi." Sai ta tashi ta zaro durowar gaba ɗaya, ta sa hannu ta taɓa bangon baya, ta nuna masa tafinta a jiƙe. "Maganinta kuskure ne babba. Amma cutar gaskiya ce. Da an bar su a nan zuwa ƙarshen zafi, ba ɗaya za ku rasa ba. Yau za su bar ɗakin nan. Akwai ɗaki busasshe a sama, wanda rana ba ta shiga?"

Akwai, ƙaramin ɗakin ajiye zannuwan gado. Ta ce ba za a ɗauke su a tare ba, ɗaya-ɗaya, kowane a kan kwali mai tauri, a kwance, da hannu biyu. Ita za ta tsaya a ƙasa tana dubawa tana ɗorawa, wani ya riƙa kaiwa.

Ɗan ya ce, "Ni zan kai."

"Ba kai ba," in ji Ma. "Kai da ka karya mini kofuna uku a Kirsimeti ɗaya? Ba ka taɓa riƙe ko guda ba tun kana yaro. Ita za ta kai."

"Mama, ita ce fa ta..."

"Na san abin da ta yi. Ita ta gaya mini, da ba ta faɗa ba da har in mutu ban sani ba. Ina fushi da ita, kuma zan daɗe ina yi. Wannan tsakanina da ita ne. Je ki wanke hannu, yarinya."

Matakalar gidan goma sha bakwai ce. Na hau ta sau ashirin da huɗu da kwali a hannu, na sauko sau ashirin da huɗu. A na farko na tsaya a tsakiya na jingina kafaɗa da bango sai da numfashina ya daidaita. Ɗan na tsaye a ƙasa ya harɗe hannu, idonsa a kaina. Ban kalle shi ba. Abin da ke hannuna na kalla, mai ga-ruwa, mai shayi, masu dashe, na kai kowa inda aka ce in kai shi. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Duk da haka ya kira kamfanin ranar Litinin. Ranar Talata aka kira mu ofis, ni da Anti. Karo na farko ke nan a shekara sha huɗu da ta zauna a kujerar nan ta masu laifi, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Manaja ta ce ɗan ya nemi a canza ni, uwar kuma ta bugo da kanta ta ce in aka turo wata ba za ta buɗe ƙofa ba. Tunda ita ce mai gidan kuma hankalinta ƙalau, zan ci gaba. Amma an rubuta mini gargaɗi a fayil, na sa hannu, kuma daga yau ba na taɓa komai a gidan da ba ya cikin takardar aikina sai na tambaya. Sannan ta juya wajen Anti ta ce daga yanzu duk wadda ta kawo za ta bi layi kamar kowa, da ganawa da wata uku na gwaji.

Anti ta ce, "Na gode," da irin muryar da ake amsa gaisuwar ta'aziyya.

A mota na ce, "Anti, ki yafe mini. Na ɓata miki suna."

"Kin ɓata," ta ce. Ta tayar da mota. "Amma kin ji abin da manajar ta tambaye ni da kika fita shan ruwa? Cewa ta yi, ita yarinyar ce ta kai kanta, ko kama ta aka yi? Na ce ita ta kai kanta. Na faɗa da ƙarfi, har sakatariya ta ɗago." Ta ja tsaki. "Yanzu sai ki shirya, ke za ki hau bene na biyu ki yi wa Hajiya bayanin dalilin da 'yarta za ta yi wata uku na gwaji. Ni ba zan je ba."

Na je a yammacin ranar. Hajiya ta saurare ni tana tsinke alayyafo, ta tambaye ni sau biyu ko da gaske takarda ce ba atamfa ba, sannan ta kira 'yarta daga ɗaki ta ce ta zo ta zauna, in koya mata irin tambayoyin da ake yi a ganawar.